Kula da Tsofaffi a Lokacin Hunturu

1.0 Gabatarwa

A tsarin zaman Bahaushe, tsoho a cikin iyalinsa yake ƙare rayuwarsa. Ba a saba kai shi wani gida na musamman don a riƙe shi ba, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashen Turai. Ko da yake akwai dokar 2017 wadda ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a Nijeriya, har yanzu cin tsoho da shansa da suturarsa da jinyarsa suna wuyan 'ya'yansa da surukansa da jikokinsa. Wannan nauyi yakan ƙaru ƙwarai a lokacin hunturu, domin sanyin da saurayi zai kore da rigar sanyi guda ɗaya yana iya kwantar da dattijo ɗan shekara 70, wani lokaci ma ya zama ajalinsa.

Iyalai da dama suna da kyakkyawar niyya game da tsofaffinsu, sai dai ƙarancin sanin yadda jikin tsoho yake aiki yakan sa cutar ta biyo ta hanyar da aka nemi sauƙi. Alal misali, akan kai kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, ko kuma a hana tsoho fita saboda tausayi har ya shafe makonni a kwance. Wannan babi zai bayyana yanayin hunturu, da dalilan da suka sa ya fi cutar da tsoho, da hanyoyin samar masa da ɗumi ba tare da jefa shi cikin wani haɗarin ba. Daga nan za a dubi abinci da motsa jiki da alamomin da suke bukatar gaggawar zuwa asibiti, sannan a rufe da gudummawar da malamin makaranta zai iya bayarwa.

2.0 Hunturu da Yanayinsa

Hausawa sun kasa shekara zuwa bazara da damina da kaka da rani. Hunturu yana zuwa ne bayan kaka, a farkon rani, wato daga wajen ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci ya taɓa Maris. Kalmar tana nufin busasshiyar iskar da take kaɗowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, ana kuma kiran lokacin kansa da wannan suna. Harshen Hausa yana da kalmomi da dama da suka shafi wannan yanayi. Ɗari shi ne sanyi mai bushewa wanda iska take kawowa, jaura da muku-muku suna nuna tsananinsa, hazo kuwa ita ce ƙurar da take tsayawa a sararin sama ta dushe hasken rana.

Kaso mai yawa na wannan ƙura yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wanda a zamanin da ƙasan wani babban tafki ne. Iska takan ratso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi lallausar ƙasar kwarin, ta bi da ita ta kan Nijar da arewacin Nijeriya har gaɓar teku.

Abubuwa uku ne suka sa hunturu ya shafi lafiya. Na farko shi ne tazarar da ke tsakanin zafin rana da sanyin dare. A Kano, cikin watan Janairu, zafin rana yakan kai wajen digiri 29 ko 30 a ma'aunin Salshiyas, da dare kuma ya sauka zuwa wajen 13, wani lokaci ƙasa da 10. A Jos, saboda tudun da garin yake kai, sanyin ya fi haka. Dalilin wannan tazara shi ne babu gajimare ko laima a sama da za su tare ɗumin da ƙasa ta sha da rana, don haka sai ya yi ta ficewa cikin dare. Sanyin yakan kai maƙura ne gab da fitowar alfijir, daidai lokacin da tsofaffi da yawa suke tashi. Abu na biyu shi ne bushewar iska, domin laimarta takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Na uku ita ce ƙurar kanta.

Wanda ya san ƙasashen da ƙanƙara take sauka zai iya ganin digiri 12 ba wani abin damuwa ba ne. Sai dai gidajen ƙasar Hausa da tufafinta an tsara su ne domin zafi. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 game da muhalli, ta ba da shawarar kada ɗumin cikin ɗaki ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi, ta kuma nuna cewa tsofaffi da marasa lafiya suna iya bukatar fiye da haka. Ɗakin kwano marar silin yana iya sauka ƙasa da wannan ma'auni kafin asuba.

3.0 Dalilan da Suka Sa Sanyi Ya Fi Cutar da Tsoho

Majalisar Ɗinkin Duniya takan lissafa wanda ya kai shekara 60 a cikin tsofaffi, amma ƙarfin jiki ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ɗumin jikin lafiyayyen mutum yana tsayawa ne a wajen digiri 37. Jiki yana samar da wannan ɗumi daga abincin da aka ci da kuma aikin tsoka. Idan sanyi ya taɓa mutum, jiki yakan tsuke jijiyoyin jinin da ke kusa da fata don kada ɗumi ya fice, sannan ya sa tsoka ta yi makyarkyata don ta ƙara samar da wani. Tsufa yana raunana wannan tsari ta fuskoki kamar haka:

(a) Tsoka takan ragu da shekaru, saboda haka ɗumin da take samarwa ma sai ya ragu.

(b) Kitsen da ke ƙarƙashin fata, wanda yake zama tamkar bargon jiki, yakan yi siriri.

(c) Jin sanyi yakan dushe. Tsoho yana iya cewa lafiya lau yake alhali ɗumin jikinsa yana sauka.

(d) Jin ƙishirwa ma yakan ragu, ga shi kuwa busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki ta fata da numfashi.

(e) Cututtuka irin su ciwon suga da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, da magunguna irin na sa barci, suna ƙara rage ƙarfin jiki na jure sanyi.

Idan ɗumin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga halin da likitoci suke kira faɗuwar ɗumin jiki, wanda yake iya kisa. Tun kafin a kai wannan matsayi ma akwai wata illar. Tsukewar jijiyoyi tana ɗaga hawan jini, jinin kuma yakan ƙara kauri, don haka bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sukan ƙaru a lokutan sanyi. Har wa yau, ƙura da busasshiyar iska suna busar da majinar da take kare hanci da maƙogwaro, sai ƙwayoyin cuta su sami hanyar isa huhu. Ta haka ne murar da yaro zai warke daga gare ta cikin mako guda take iya zame wa kakarsa namoniya.

4.0 Samar da Ɗumi

4.1 Ɗaki da Shimfiɗa

Ginin ƙasa mai kaurin bango, musamman soro, yana shan zafin rana ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Rufin kwano kuwa da zarar rana ta faɗi yake hucewa. Saboda haka idan akwai zaɓi a gida, ɗakin ƙasa ko ɗakin da yake da silin shi ya fi dacewa da tsoho. Ya kamata a toshe kafofin da iska take shigowa ta ɓangaren arewa da gabas, a sa labule mai kauri ko asabari a ƙofa. Da rana kuma a buɗe taga na ɗan lokaci don iska ta sauya, domin ɗakin da yake rufe kullum yana taimaka wa mura da tari wajen yaɗuwa.

Daɓen siminti yana zuƙe ɗumin wanda ya kwanta a kansa, tabarma ɗaya kuma ba ta isa ta hana hakan ba. Gado ya fi, idan kuma babu, sai a shimfiɗa kwali ko buhuna ko buzu a ƙarƙashin tabarmar ko katifar. Abin da yake ƙarƙashin mai barci yana da muhimmanci kamar abin da ya rufa da shi.

4.2 Sutura

Iskar da take maƙale tsakanin tufafi ita ce take riƙe ɗumi. Don haka riguna biyu ko uku marasa nauyi, ɗaya a kan ɗaya, sun fi riga guda mai kauri amfani, kuma ana iya rage su idan hantsi ya dubi ludayi. Haka abin yake ga mayafin barci: zane a ciki, gwado ko luru ko bargo a kansa. Kai da wuya da tafin ƙafa su ne aka fi bari a buɗe, don haka hula ko rawani ko ɗankwali da safa suna da amfani har lokacin barci. Kada safar ta matse ƙafa, kuma kada a taka daɓe mai santsi da ita. Duk tufar da ta jiƙe, ko da gumi ko da fitsari, a canza ta nan take ba tare da kunyata mai ita ba, domin jiƙaƙƙiyar tufa tana janye ɗumin jiki da sauri.

4.3 Wuta da Haɗarinta

A nan ne aka fi yin kuskure mai tsada. Gawayi ba ya hayaƙi sosai idan ya kama, shi ya sa ake ganin ba shi da illa a cikin ɗaki. Gaskiyar magana ita ce, gawayin da yake ci a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma sa tari. Idan aka shaƙe ta, takan kama sinadarin himogulobin da ke cikin jini, wanda aikinsa shi ne ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki, kuma kamun da take yi masa ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Mutumin da yake a farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa yana iya zarcewa ba tare da ya farka ba. Tsoho mai ciwon zuciya ko na huhu ko ƙarancin jini shi ne gubar take fara kayarwa.

Mafi aminci shi ne a ji ɗumin wuta a tsakar gida ko a rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Idan lalura ta sa an shigar da kasko don ɗumama ɗaki, to ƙofa ta kasance a buɗe, wani mai lafiya yana wurin, kuma a fitar da shi kafin a kwanta. Gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa shi ma a kwashe rushin a fitar kafin a hau. Janareta yana fitar da irin wannan guba, saboda haka ba a ajiye shi a zaure ko a gindin tagar ɗakin barci. Inda ake amfani da hita ta lantarki, a nisanta ta da katifa da labule da gidan sauro, a kuma kashe ta idan an ɗauke wuta, domin wutar takan dawo kowa yana barci. Komai ya bushe a wannan lokaci, gobara ba ta da wuyar tashi, tsoho kuma ba shi da saurin da zai tsere mata.

Ana iya ɗumama shimfiɗa ba tare da wuta ba. A zuba ruwan ɗumi, wanda bai kai tafasa ba, a gora mai murfi, a naɗe ta da zane, a sa cikin mayafi kafin lokacin kwanciya. Mai ciwon suga da wanda ɓarin jikinsa ya shanye sukan rasa ji a ƙafa, suna iya ƙonewa ba su sani ba. Irin waɗannan a cire musu gorar kafin su kwanta, kuma kada a bar su su miƙa ƙafa kusa da wuta.

4.4 Wanka da Alwala da Fitar Dare

Maƙewayi a gidaje da yawa ba shi da rufi, don haka ya fi kyau a mayar da wankan tsoho zuwa tsakar rana, a wurin da iska ba ta bugawa. Wani ya fara taɓa ruwan ya tabbatar ɗuminsa daidai ne. A tsane jiki da sauri, a shafa man kaɗanya ko basilin tun fata tana da ɗan danshi, domin hakan yana rage ƙaiƙayi da kaushi da faso. Fason mai ciwon suga ba abin rainawa ba ne, yana iya zama gyambo.

Ga alwalar asuba, a tanadi ruwan ɗumi a filas tun da dare. Malaman fiƙihu sun halatta alwala da ruwan ɗumi, sun kuma yi bayanin taimama ga marar lafiyar da ruwa zai cutar. Sanyi yana ƙara yawan fitsari, fita cikin duhu kuma tana jawo faɗuwa, karayar ƙugu kuwa takan kwantar da tsoho kwanciyar da ba lalle ya tashi ba. Don haka a ajiye masa tocila da sanda da bokiti mai murfi kusa da gado, a kawar da duk abin tuntuɓe daga hanya. Idan zai tashi, ya fara zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, saboda jiri.

5.0 Abinci da Abin Sha da Kariya daga Ƙura

Abinci shi ne makamashin da jiki yake samar da ɗumi da shi. Tsohon da ya kwana da yunwa ya fi wanda ya ƙoshi jin ɗari. Tun da yake cin tsofaffi yakan ragu, haƙora kuma sun yi rauni, ya fi dacewa a riƙa ba su kaɗan kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, mai ɗumi kuma mai laushi. Koko ko kunun gyaɗa da safe, fate ko alale da rana, tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta zogale da dare, duk abinci ne da aka saba da shi. Wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono da nama suna taimakawa wajen riƙe tsoka. An yi dace kuma hunturu lokaci ne na lemon zaƙi da kayan lambu irin su tumatir da karas da kabeji.

Akwai abubuwan da ake ragewa. Kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam kamar gishiri da dunƙulen miya, don haka yawan shan kunun kanwa bai dace da mai hawan jini ko ciwon zuciya ba. Mai ciwon suga ya kula da sukarin da ake zubawa a shayi da kunu. Shayi mai ƙarfi da goro bayan magariba suna hana barci, suna kuma ƙara fitar dare.

Game da ruwa, kada a jira sai tsoho ya nema. A riƙa miƙa masa mai ɗan ɗumi a kai a kai, kamar kofi 6 zuwa 8 a yini idan aka haɗa da kunu da romo, sai fa wanda likita ya ƙayyade masa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda. Fitsari kaɗan mai duhun launi alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki.

Ranar da hazo ya yi kauri, zama a ɗaki ya fi, musamman ga mai asma, wanda ya kamata maganinsa na shaƙa ya kasance kusa da shi. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya takan yi gargaɗin saukar hazo, ana kuma jin sa a gidajen rediyo. Idan fita ta zama dole, amawali ko gefen mayafi ko takunkumi suna rage ƙurar da ake shaƙa. Kafin shara a yayyafa ruwa, a kuma fitar da tsoho daga ɗakin har ƙura ta kwanta. Idan ya yi haɓo, ya zauna ya ɗan sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancin na minti 10. Ɗaga kai sama yana sa jinin ya gangara maƙogwaro. Haɓon da yake maimaituwa yana bukatar a auna jini.

Ciwon gaɓoɓi yakan dami tsofaffi a wannan lokaci, sai a yi ta sayen maganin ciwon jiki a kemis. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna illa ga ciki da ƙoda, wasu magungunan mura kuma suna ɗaga hawan jini. Saboda haka ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya zaɓa wa tsoho magani.

6.0 Motsa Jiki da Zama cikin Jama'a

Tausayi yakan sa iyali su ce wa tsoho ya yi kwanciyarsa har sanyi ya wuce. Illar wannan ita ce, tsokar tsoho tana saurin zubewa idan ba ta aiki, kuma dawo da ita yana da wuya. Doguwar kwanciya tana sanƙarar da gaɓoɓi, tana tara majina a huhu, tana kawo taurin bayan gida da gyambon kwanciya. Wanda ya shiga hunturu yana zuwa masallaci da ƙafarsa yana iya fita daga cikinsa sai an riƙe shi, ba don wata cuta ba sai don zaman da aka sa shi.

A ƙa'idojinta na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci waɗanda suka kai shekara 65 da su riƙa motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar minti 30 a kwana 5, tare da ayyukan ƙarfafa tsoka da na daidaita tsayuwa don rage faɗuwa. Ana iya rarraba wannan lokaci, kuma kowane ɗan motsi ya fi zama. Tafiya zuwa masallaci ko majalisa ko gidan maƙwabta, da zagaya tsakar gida, da ba dabbobi abinci, duk suna cikin lissafi. Tashi daga kujera da komawa sau da yawa a jere yana ƙarfafa cinya. Ayyukan hannu irin su ɓarar gyaɗa da kaɗi da saƙar faifai da tufkar igiya da ɗinkin hula suna motsa yatsu, suna kuma sa tsoho ya ji har yanzu ana amfana da shi. Wanda ba ya iya tashi, a riƙa juya shi, ana miƙe masa hannu da ƙafa a hankali.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga hantsi zuwa azahar, sai kuma la'asar kafin iska ta juya. Al'adar shan hantsi a jikin bango tana da amfani biyu: tana ɗumama jiki, hasken rana kuma yana taimaka wa fata wajen samar da bitamin D mai ƙarfafa ƙashi.

Kaɗaici ma cuta ne. Tsohuwar da aka bari ita kaɗai a ɗaki takan rage ci, ta rage magana, kuma babu mai lura da canjin halinta. Hirar dare da tatsuniya da wasan kaka da jika suna motsa tunani, suna kuma ba iyali damar ganin halin da take ciki. Akwai kuma tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi birni ko cin rani. Haƙƙin maƙwabtaka ne a riƙa leƙa irin waɗannan safe da yamma, a dubi shimfiɗarsu da abincinsu da inda suke ajiye wuta.

7.0 Alamomin da Suke Bukatar Gaggawa

(a) Faɗuwar ɗumin jiki: ciki da ƙirji su yi sanyi, magana ta riƙa sarƙewa, ga gyangyaɗi da ruɗewa, wani lokaci ba tare da makyarkyata ba. A cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe ƙirji da kai, a ba shi abin sha mai ɗumi idan yana cikin hayyacinsa, sannan a nufi asibiti. Ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a tsoma shi a ruwan zafi, ba a kuma kanga shi a wuta.

(b) Gubar gawayi: ciwon kai da jiri da amai ko suma a ɗakin da aka kwana da wuta, musamman idan abin ya shafi fiye da mutum ɗaya. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa sarari, a kai su asibiti ko da sun farfaɗo.

(c) Shanyewar ɓarin jiki: karkacewar baki, da mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, da harɗewar harshe. Akan danganta wannan da shafar iskoki, a ɓata sa'o'in farko waɗanda a cikinsu ne magani ya fi tasiri.

(d) Namoniya: numfashi da sauri, da ciwon haƙarƙari, da ƙin abinci. A jikin tsoho tana iya zuwa ba zazzaɓi, sai ruɗewa kawai.

(e) Ciwon ƙirji mai danna mutum, ko tarin da ya wuce mako 2. Irin wannan tari yana bukatar gwajin tarin fuka, wanda ake yi kyauta tare da maganinsa a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe.

8.0 Gudummawar Malami

A gidaje da yawa jika ne ake aika ya kai wa kaka wuta, shi ne yake ɗebo mata ruwa, sau da yawa kuma a ɗakinta yake kwana. Wato ke nan yaron da yake zaune a gaban malami da safe shi ne mai kula da tsohuwa da dare, kuma gubar da za ta same ta ba za ta bar shi ba. Wannan ya sa aji ya zama hanya mafi kusa ta isar da wannan ilimi cikin gida.

Malamin Hausa yana iya shigar da batun cikin darussansa ba tare da ya kauce wa manhaja ba. A darasin ginin kalmomi, ɗalibai su tattaro kalmomin hunturu da na tufafin sanyi. A darasin insha'i, su bayyana yadda ake kula da tsoho a gidajensu. A darasin adabin baka, a tura su su ɗauko tatsuniya ko tarihin unguwa daga bakin kakanninsu, wanda hakan ziyara ce kuma aikin makaranta ne. Ana iya shirya ɗan wasan kwaikwayo a kan kaskon gawayi a nuna shi a taron iyaye da malamai.

Wajibi ne malami ya haɗa wannan ilimi da ladabi, domin tsoho ba ya karɓar gyara daga yaron da ya zo masa da gadara. Jikan da ya ce, "Kaka, ɗakin ya yi ɗumi, bari in fitar da wutar in ƙara miki bargo," ya fi samun biyan bukata a kan wanda ya ce an hana a makaranta. Haka kuma malami ya san iyakarsa: aikinsa faɗakarwa ne, ba da magani kuwa na ma'aikatan lafiya ne.

9.0 Kammalawa

An ga cewa hunturu yana haɗa sanyin dare da bushewar iska da ƙura, jikin tsoho kuma ya rage ƙarfin samar da ɗumi da na jin sanyi da ƙishirwa. Kulawar da ta dace ita ce a nemi ɗumi daga shimfiɗa da sutura da abinci mai zafi maimakon wutar da ake kwana da ita, a riƙa ba da ruwa tun ba a nema ba, a bar tsoho ya ci gaba da motsi da cuɗanya da mutane, a kuma san alamomin da ba a jinkiri a kansu. Mafi yawan waɗannan matakai ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma lokacin wannan rigakafi shi ne ƙarshen kaka, tun iska ba ta juya ba.

Tambayoyin Bita

1. A bayyana bambancin da ke tsakanin hunturu da ɗari da hazo.
2. A kawo dalilai huɗu da suka sa sanyi ya fi cutar da tsoho a kan saurayi.
3. Ta yaya gawayi yake kisa a rufaffen ɗaki, kuma waɗanne hanyoyi ne za su maye gurbinsa?
4. Mene ne illar doguwar kwanciya ga tsoho?
5. A tsara darasin insha'i na minti 40 ga ɗaliban aji 5 na firamare a kan kula da kaka a lokacin hunturu.